Lafiyar ɗalibai a makaranta: da me za a fara idan kuɗin ba zai ɗauki komai ba?

Malam Garba:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masana cikinmu su warware. A ɗauka makarantar jeka-ka-dawo ce mai ɗalibai 600, rabi mata rabi maza. Kwamitin makaranta yana son ya inganta lafiyar yara, amma abin da ke hannu ba zai ɗauki komai da komai a shekara guda ba. Wasu sun ce a buɗe ɗakin shan magani a ɗauki nas, wasu sun ce ciyarwa, wasu kuma sun ce a ƙara darasin kiwon lafiya a jadawali. Da wanne za a fara? Ina son amsa mai lissafi, don Allah kada a ce mini "duk suna da muhimmanci".

Injiniya Tukur:
Wa alaikumus salam, Malam. Cikin ukun da ka lissafa babu wanda zan fara da shi. Ruwa da banɗaki ne farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2009 domin makarantun da ke da ƙarancin hali, kuma alƙaluman a fili suke: lita 5 ga kowane mutum a yini a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Wannan na sha ne da wanke hannu da shara. Idan banɗakin na zuba ruwa da bokiti ne, a ƙara lita 1.5 zuwa 3 ga kowa, sai lita 1 zuwa 2 na tsarki. Ke nan makarantar nan taka tana buƙatar lita 3,000 a ƙalla kowace rana kafin a ƙirga malamai da banɗaki. Idan an haɗa duka, ka ƙaddara kusan ninkin haka. Tankin da ake saya sau da yawa bai kai rabin buƙatar yini ba, shi ya sa kafin azahar famfo ya ƙafe.

Banɗaki kuwa, ɗaya ga 'yan mata 25, wato 12 ke nan. Maza, banɗaki ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga yara 50, wato shida-shida. Malamai nasu daban, mata da maza. Idan na rami ne, ya nisanci rijiya da mita 30, kuma ƙasan ramin ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa ke tasowa da damina.

Malama Zulai:
Injiniya ya faɗi gaskiya, bari in nuna abin da lambar nan 12 take nufi a aikace. A ce banɗaki huɗu ne kacal ga 'yan mata 300, hutun tara kuma minti 30 ne. Idan kowace ta yi minti biyu a ciki, yarinya 60 ce za ta samu shiga. Sauran 240 fa? Abin da suke yi shi ne su daina shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su. Daga nan ciwon kai, kasala a darasin ƙarshe, taurin bayan gida, wasu har ciwon mara. Malami yana ganin yarinya ta kifa kai a kan benci ya ce lalaci ne.

Kuma ga waɗanda suka fara al'ada, ƙirga ramuka kaɗai bai isa ba. Ƙofa ta kasance mai sakata daga ciki. Ruwa ya kasance a cikin ɗakin, kada sai ta fito tsakar fili ta ɗebo kowa yana kallo. A sa bokiti mai murfi na zubar da audugar mata, in ba haka ba za a jefa a rami ko a bututu ya toshe. A sa ƙusa ko maƙali a bango inda za ta rataya jaka. Sannan a ajiye audugar mata wurin malama guda da kowace yarinya ta san sunanta, ba a ofishin hedimasta ba, inda sai ta yi bayani gaban maza kafin a ba ta.

Malam Iliya:
Ni ina da ja. Gini ba shi ne matsalar ba. Makarantu nawa ne aka gina musu banɗaki mai kyau, shekara guda ta zagayo ya zama wurin da ko kusantarsa ba a yi? Ko kuma a garƙame shi da kwaɗo "don kada yara su ɓata", mabuɗin yana aljihun wani. Idan za a zuba duk kuɗin a siminti, bayan wata shida mun koma gidan jiya.

Injiniya Tukur:
Ba mu saɓa ba, Malam Iliya. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai gina banɗaki 24, gara ya gina 16 ya ware kuɗin sauran don kulawa: mai shara, tsintsiya da buroshi, sabulu, da gyaran sakata da kan famfo. Kan famfo shi ne abin da ya fi saurin lalacewa a makaranta, domin hannu ɗaruruwa ke murɗa shi kullum. A sayi biyu ko uku a ajiye tun ranar da aka kafa.

Wanke banɗaki sau ɗaya a rana ba ya isa, a wanke bayan tara, a sake bayan an tashi. Farin ruwan wanki mai kulorin kashi 5 cikin ɗari, idan aka zuba awo ɗaya a ruwa awo 49, ya isa goge ƙasa da hannun ƙofa. Idan amai ne ko jini, awo ɗaya a ruwa awo 9, a bar shi ya jima kafin a goge. A haɗa sabo kowace safiya, domin ƙarfinsa yana tafiya idan ya kwana, kuma kada a taɓa gauraya shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum.

Wani kuskure da magina ke yawan yi a masai mai bututun iska: bututun dole ya zarce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure masa raga a baki. Cikin ɗakin ya zama da ɗan duhu, kuma ba a rufe bakin ramin da murfi. Dabarar ita ce iska ta shiga ta bakin ramin ta fita ta bututu da warin, ƙudajen da ke ciki su bi hasken bututu su maƙale a raga. Da zarar ragar ta yage, ko an buɗe babbar taga, wari da ƙuda sun dawo. Idan kuma abin da ke ramin ya rage rabin mita ya kai baki, a daina amfani da shi sai an kwashe.

Sista Rabi:
Sabulu fa? Kowa yana faɗin "a wanke hannu da sabulu", amma sabulun sanda ba ya kwana biyu a makaranta, ko ya narke a ruwa ko ya bi wani yaro gida. Abin da ya fi ɗorewa shi ne ruwan sabulu: garin sabulun wanki giram 30 a gorar ruwa mai lita 1.5, a huda murfin, a ɗaure gorar da igiya kusa da famfo. Babu mai sha'awar ɗauke ta.

A yi lissafin lokaci kuma. Cuɗa hannu yana son daƙiƙa 20, da jiƙawa da ɗaurayewa a ce rabin minti. Famfo ɗaya cikin minti goma yaro 20 zai sallama. Shi ya sa layin wanke hannu yake watsewa, yaro mai jin yunwa ba zai tsaya ba. A samu dogon bututu a huda shi wuri goma ko goma sha biyar, a haɗa shi da tanki ta makunni guda, aji ɗaya su jeru su wanke tare. Ruwan ma ya fi auki. A haƙa ramin tsotse ruwa a ƙasa a cika shi da tsakuwa, kada wurin ya zama taɓo da gidan sauro.

Malam Garba:
Na gode ƙwarai. To ɗakin shan maganin fa, Sista? A bar shi gaba ɗaya?

Sista Rabi:
A jinkirta ɗakin, amma kada a jinkirta akwati da horo. Akwatin taimakon gaggawa: safar hannu, bandeji, filasta, auduga, almakashi, ma'aunin zafin jiki, fakitin gishiri da sukari na masu gudawa, sai farasitamol idan iyaye sun ba da izini a rubuce. Asfirin ba ya shiga akwatin yara, ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita. Malamai biyu aƙalla su san aikin, don idan ɗaya ba ya nan.

Abubuwan da aka fi yin su ba daidai ba su ne waɗannan. Haɓo: ana sa yaro ya ɗaga kai sama, jinin ya bi maƙogwaro ya sa shi amai. A zaunar da shi ya sunkuya gaba, ya matse tattausan ɓangaren hanci minti goma ba tare da saki yana dubawa ba. Ƙuna: ruwan famfo mai sanyi yana zuba a wurin minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man shafawa ba, ba man goge baki ba. Farfaɗiya: kada a danne yaro, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, ba ya haɗiye harshensa. A janye benci daga kusa, a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo, idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Idan ta wuce minti biyar, asibiti kai tsaye. Kuma a gaya wa 'yan ajin cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, domin gudun da ake yi wa yaron ya fi ciwon cin rai.

Mai asma, abin shaƙarsa ya zauna a jikinsa ko a ajinsa, ba a durowar da aka kulle ba. Mai sikila a bar shi ya sha ruwa ya fita banɗaki duk lokacin da ya nema, kuma zafin jikinsa idan ya kai 38, ba a jira a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun farkon zango kowane malamin aji ya riƙe takarda mai sunayen yaran da ke da irin waɗannan larurori da lambar wanda za a kira.

Dakta Hauwa:
Zan ƙara abu biyu masu sauƙin kuɗi da makaranta ba za ta yi ita kaɗai ba, sai da cibiyar lafiya mafi kusa. Na farko maganin tsutsar ciki. Inda aƙalla yara 20 cikin ɗari ke ɗauke da ita, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba kowa ƙwaya ɗaya ta albendazole mai miligiram 400, ko mebendazole mai 500, sau ɗaya a shekara. Idan ya haura 50 cikin ɗari, sau biyu. Inda ake da tsargiya, praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin yaro, kuma a makarantu akan yi amfani da sandar auna tsawo a fitar da adadin ƙwayoyin. Wannan ba a shan sa da yunwa. Yaro ya sha shi cikinsa wayam, jiri da murɗar ciki su kama shi, kafin yamma labari ya cika gari cewa an ba yara guba, shekara mai zuwa rabin iyaye su hana. A sanar da iyaye mako guda kafin ranar, a tabbatar kowa ya ci abinci, a riƙe yaran a makaranta na ɗan lokaci bayan sun sha, wanda ba shi da lafiya a ranar a ɗaga masa.

Na biyu ƙarancin jini. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 11 da awon sinadarin himogulobin na jininsa ya gaza giram 11.5 a kowace desilita yana da shi. Ga 'yan matan da suka fara al'ada, inda matsalar ta yi yawa, akwai ƙwayar mako-mako mai sinadarin ƙarfe miligiram 60 da folik asid miligiram 2.8, wata uku ana sha, wata uku ana hutawa. A gaya musu tun farko cewa bayan gida zai yi baƙi, kada su tsorata su daina.

Malam Iliya:
Likita, ranki ya daɗe, ba an ce maganin tsutsar nan amfaninsa ga karatu bai tabbata ba?

Dakta Hauwa:
Akwai saɓani, gaskiya ne. Binciken da aka yi a makarantun yammacin Kenya, wanda aka buga a 2004, ya nuna fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma bai nuna sakamakon jarrabawa ya ƙaru ba. Daga baya masanan Cochrane, ƙungiyar da ke bitar binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwaje da dama suka ce ba da magani ga kowa da kowa ba ya kawo wani babban canji a matsakaicin nauyi ko ƙoƙarin aji. Yadda nake ganin abin: yaran da tsutsa ta yi wa katutu 'yan kaɗan ne a kowane aji, su ne ke amfana sosai, amfanin nasu kuma yana ɓacewa idan aka raba shi a kan kowa. Maganin ba shi da tsada, ba shi da wata illa babba, don haka a bayar inda cutar take. Amma yaron da aka ba magani ya koma yana taka ƙasa mai kashi ba takalmi, cikin 'yan watanni tsutsar ta dawo. Ka ga mun sake komawa wurin Injiniya.

Hajiya Asabe:
Ina ta karantawa, duk maganar ta tsaya a ciki da hannu. Yaron da ake duka a bayan aji kullum, ko wanda ake kira da sunan tsokana har ya daina ɗaga hannu, shi lafiyayye ne? Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, damuwa da fargaba suna gaba-gaba.

Wannan ba ya cin kuɗi, tsari yake ci. A ba yara taswirar makaranta, kowa ya sa alama a inda yake jin tsoro, ba tare da rubuta suna ba. Kusan kullum wurare iri ɗaya ne ke fitowa: bayan banɗaki, lungun da ba a hango shi daga ofis, bakin ƙofa lokacin tashi. A raba wa malamai tsayuwa a waɗannan wuraren da tara. Wannan ma darasi ne ga magina: kada a kai banɗaki can ƙarshen fili bayan ciyawa, ƙofar shiga ta kasance inda ido ke kaiwa.

Idan yaro ya kawo ƙara, kuskure mafi muni shi ne a kira shi da wanda ya zalunce shi a tsayar da su tare a ce su gaisa. A ji kowa shi kaɗai, a rubuta, a sanar da iyaye, a sake tambayar yaron bayan mako biyu ko abin ya tsaya. Kuma malami kada ya yi wa yaro alkawarin "ba zan faɗa wa kowa ba" kafin ya ji maganar. Idan cin zarafi ne ko yaron ya ambaci cutar da kansa, dole a kai ga wanda aka ɗora wa alhakin kare yara a ranar. Abin da zai ce shi ne: ba zan faɗa wa kowa ba sai wanda zai taimake ka.

Sai bulala. Makarantar da malami ke dukan yaro ba ta da bakin hana babban yaro dukan ƙarami.

Malama Zulai:
Allah ya saka, Hajiya. In ƙara da wasa. Abin da ake so ga yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 shi ne minti 60 a kullum na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga. Amma da jarrabawa ta matso, darasin motsa jiki ne farkon wanda ake ƙwacewa, kuma hana fita tara ya zama horo. Yaron da ya fi kowa rashin zama shi ake hanawa, alhali shi ya fi buƙata. Filin ma manyan maza ke mamaye shi da ƙwallo, mata da ƙanana suna raɓe a gindin bango. A raba filin, ko a raba ranaku.

Gwajin ido kuma malami zai iya yi cikin yini guda. Allon gwaji mai harafin E, a manna shi a bango mai haske daidai idon yaro, a auna mita shida a ja layi da alli. Ido ɗaya-ɗaya, ya rufe ɗayan da tafin hannu ba tare da dannawa ba. Wanda ya kasa karanta layin da aka yi wa lamba 6/12 a allon, ko a ido ɗaya ne, a rubuta masa takardar zuwa asibitin ido. Kada a jera sauran yara a ɗakin, haddace allon suke yi tun suna layi. Bayan an samu tabarau a bi sawu, domin da yawa a jaka yake ƙarewa saboda tsokana.

Malam Garba:
Madalla. Ciyarwa fa, babu wanda ya taɓa ta. Da darasin kiwon lafiya.

Dakta Hauwa:
Ciyarwa tana jawo yara makaranta tana kuma riƙe su, babu musu. Sai dai ita ce ta fi duka cin kuɗi, kuma fara ta a tsaya a tsakiyar zango ya fi rashin farawa ciwo. Idan za a yi, dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, mai girki da ke gudawa kada ta shiga kicin, ruwan wanke kwano kuma a saka shi cikin lissafin tanki. Dafa wa yara 600 a wurin da babu ruwa hanya ce ta kwantar da su a rana ɗaya. Darasi kuwa a yi shi, amma a bakin famfo, da sabulu a hannu. Yaron da aka koya wa wanke hannu a allo ya fito bai tarar da ruwa ba, abin da ya koya shi ne maganar malam ba ta aiki.

Malam Iliya:
Na sauko, amma da sharaɗi. Kowane aiki a rubuta sunan mutum guda a gabansa, ba "kwamiti" ba. Wane ke duba tanki da safe, wance ke haɗa ruwan sabulu, wane ke riƙe da akwati. Takardar ta kasance a manne inda iyaye za su gani.

Sista Rabi:
Na yarda. A ƙara da rajista: bayan alamar fashi, a buɗe gurbi a rubuta dalili, zazzaɓi ne, gudawa, ƙuraje, ko ba a sani ba. Duk Juma'a mutum guda ya duba na dukan azuzuwa. Idan yara uku ko huɗu a aji ɗaya suka yi fashi da ciwo iri ɗaya cikin mako, a kira cibiyar lafiya, kada a jira ya kai goma. Mai amai ko gudawa ya zauna gida har awa 48 bayan ya tsaya. Mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙurajen su fito har kwana huɗu bayan sun fito, don haka ranar da aka gano shi ya riga ya zauna da 'yan ajinsa. Abin yi a ranar shi ne a ɗauko katunan rigakafin ajin a ga wa bai cika allura biyu ba, shi ya sa ake karɓar kwafin katin tun ranar ɗaukar yaro, a ajiye a fayil ɗinsa.